Kaka A Ƙasar Makoɗa: Ranar Cika Rumbu Ita Ce Ranar Lissafi

Hausawa sun raba shekara kashi huɗu: bazara, damina, kaka da rani. A cikin huɗun nan babu wadda mutumin ƙauye ya ke ɗoki kamar kaka, don a cikinta ne wahalar wata huɗu ta ke zama abin sawa a baka. Malaman hisabi su kan ba ta taurari bakwai, kowanne kwana 13, na farkonsu Sarfa. Amma manomi ba ya bukatar a buɗa masa littafi. In ya ga raɓa ta yawaita da asuba, hadari ya taso ya watse ba ruwa, iska ta fara juyowa daga gabas, ya san damina ta yi sallama.

Nufinmu a nan shi ne mu duba yadda wannan lokaci ya ke a ƙaramin gari, da abin da ya ke jawo wa gida da unguwa, na daɗi da na damuwa. Mun ɗauki ƙasar Makoɗa misali, don abin da a ke gani can shi a ke gani a mafi yawan karkarar arewacin Kano. Akwai kuma magana guda da mu ke so mai karatu ya riƙe tun daga farko. Jama'a su kan auna kaka da yawan dammunan da suka shiga gida ran girbi. Ma'auni na gaskiya kuwa shi ne abin da ya rage a rumbu ran da a ke noman farko na baɗi.

Ƙasar Da Mutanenta

Wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Kano ta nufi Kazaure da Daura, in ya kai Ɗambatta ya karkata yamma, ya shiga ƙasar Makoɗa ke nan. Da can tana haɗe da Ɗambatta ne, a shekarun 1990 aka yanke ta ta zama ƙaramar hukuma mai zaman kanta, hedkwatarta a Koguna. Cikin garuruwanta akwai Makoɗa kanta, da Maitsidau, da Wailare, da Jibga, da Satame. Ƙidayar 2006 ta ba ta mutum dubu 222 da 'yan kai, a kan ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita 441. In ka raba za ka sami mutum wajen 500 a kowace murabba'in kilomita. Daga shekarar nan zuwa yau kuwa an yi ta haihuwa, ƙasa ba ta ƙaru ko da taku ɗaya ba.

Wannan cunkoso shi ne asalin halin noman wurin. Babu saura, babu dajin da za a sare a yi sabuwar gona. Gonar da kakan mutum ya noma ita jikan ya ke nomawa kowace shekara ba hutu, sai dai ta ƙara ƙanƙancewa duk sa'ad da aka raba gado. Wani Bature masanin labarin ƙasa, Michael Mortimore, wanda ya fara bincike a karkarar Kano tun shekarun 1960, ya nuna cewa abin da ya hana irin wannan ƙasa mutuwa shi ne dabarar manomanta: kai takin turke da na bola gona, haɗa shuka iri-iri a fili guda, da barin itatuwa masu amfani kamar gawo, ɗorawa, kuka da tsamiya a tsakiyar gona. Mafi yawan ƙasar jigawa ce, ruwan sama kuwa daga wajen Yuni ne zuwa Satumba. Watau a cikin wata huɗu a ke neman abincin wata goma sha biyu. Wanda ya gane wannan ya gane dalilin da kaka ta ke da nauyi haka.

Gero Ne Ɗan Fari

Amfanin gona ba ya shigowa rana ɗaya, bi da bi ya ke zuwa. Gero ne ɗan fari, don kwana 90 ko kusa da haka sun ishe shi. Tun ƙarshen Agusta yara su kan fara karyo zangarniya su gasa tumu, kuma a gidan da rumbu ya daɗe da yin ƙasa, ƙamshin tumun nan shi ne albishir na farko. A Satumba a ke girbe shi. A sare karan a kwantar, a bar shi ya sha iska, sa'an nan a bi a yanke kawunan a ɗaure dami-dami. Kwantar da karan gero yana da wani amfani da baƙo ba zai lura da shi ba. Wake da dawa da aka shuka a tsakanin kunyoyin sun daɗe a inuwarsa, da ya faɗi sai su sami rana da sarari, su ci ragowar laimar ƙasa.

Bayan gero sai gyaɗa da riɗi. Gyaɗa a kan cire ta tun ƙasa ba ta yi tauri ba, don in an yi jinkiri 'ya'yan su kan tsinke su zauna a ƙasa. Riɗi a kan yanke shi tun kwanson bai buɗe ba, a jingine shi tsaye ya bushe, kana a kakkaɓe a kan tabarma. Wake ba ya nuna gaba ɗaya, sai a yi ta roro sau biyu sau uku. Dawa ce auta, kaura da farafara, ita sai Nuwamba, bayan iskar hunturu ta fara busawa.

Aikin ya fi ƙarfin mutum guda. A da gandu ne ya ke ɗaukarsa: uba da 'ya'yansa, har da masu aure, su yi aiki a gonar gida, rumbu ɗaya, tukunya ɗaya, kowane ɗa kuma yana da 'yar gayaunarsa da ya ke wa aiki da yamma. In aiki ya yi yawa a kira gayya, maƙwabta su zo da makaɗi, mai gona ya ba da fura da tuwo. Yanzu gandu ya ragu, gayya ma haka, ƙwadago ya maye gurbinsu: a biya mutum kuɗi, ko a ba shi rabo daga abin da ya girba. Ke nan tun hatsi bai kai gida ba an fara cirar wani abu daga cikinsa.

Bayan Danni

Mai wucewa a kan hanya maza ya ke gani a gona, sai ya zaci su kaɗai kaka ta shafa. Da zai saurara da kyau, tun asuba zai ji amon taɓarya daga bayan danni. Sussuka, shiƙa, surfe, ɓarar gyaɗa da casar wake duk a hannun mata su ke, ko da ya ke injin casa da na niƙa sun rage musu wani abu a garuruwan da a ke da su. Matan da ba sa fita gona aikin ya kan iske su har tsakar gida. Tsofaffi da zawarawa da 'yammata su ne su kan fita roron wake da kalar gyaɗa, a biya su da kwano, ko su tsira da abin da suka kalato.

A wannan lokaci ne kuma uwargida ta ke tanadin miyar shekara. A yanyanka kuɓewa a shanya, a busar da yakuwa da rama da barkono, a tsinko ganyen kuka a bar shi ya bushe a daka. Abin ba shi da kwarjini a ido kamar dami ɗari, amma gidan da aka yi sakaci da shi sai ya sayi kayan miya da kuɗin hatsi har wata damina.

Mace tana da nata arzikin na kanta, wanda shari'a da al'ada suka tabbatar mata, kuma a kaka ya ke tofo. Da sabuwar gyaɗa ta ke matse mai ta yi ƙuli-ƙuli, da sabon wake ta yi ƙosai da alala da ɗanwake, da sabon gero ta yi fura, yara su kai talla. Ribar ta shiga adashi, ko ta zama 'yar akuya a turke, ko kwanonin da a ke tara wa 'ya don ranar aurenta. Sau da yawa in rumbun maigida ya ƙare a tsakiyar damina, akuyar nan ce a ke kaiwa kasuwa. Don haka wanda ya zo ƙidayar arzikin gida ya tsaya ga dammunan maigida kaɗai, bai gama ƙidaya ba.

Kara Da Harawa

A irin wannan ƙasa babu abin yarwa a gona. Karan dawa shi ne danni, shi ne rufin rumfa, shi ne makamashi. Karmami da harawar wake da ta gyaɗa a kan naɗe su a ɗora bisa soro ko a kan reshen itace, inda akuya ba ta kai ba. Su ne abincin tumaki da shanun huɗa har bazara, ragon da aka kiwata da harawa kuwa shi ne kuɗin takin zamani ko na hidimar Salla. Dabba ta ci harawa ta ba da taki, jaki ko amalanke su kai takin gona da rani, gona ta ba da hatsi da wata harawar. Da haka ƙasa ta ke riƙe da jama'arta.

A nan ne kuma wata matsala ta ke. A da, da an kwashe amfani sai a saki gonaki, Fulani makiyaya su shigo da shanu su ci kara su bar taki, har mai gona ya kan ba su hatsi don su yi kwanaki a gonarsa. Yanzu kara da harawa sun zama kuɗi, burtali ya ƙuntata, makiyaya kuwa su kan iso daga arewa tun wake da dawa suna tsaye. Mafi yawan rigimar da a kan yi tsakanin manomi da makiyayi a 'yan makonnin nan ne ta ke aukuwa. Maganin da aka sani tun da shi ne har yanzu ya fi aiki. Hakimi da dagatai da arɗo su zauna tun da wuri, a sa ranar sakin gonaki, a sanar a masallaci da kasuwa. Wanda dabbarsa ta yi ɓarna kafin ranar a kimanta ya biya, kada kowa ya rama da hannunsa.

Gari Ya Farfaɗo

Da damina in ka shiga ƙauye da hantsi sai ka tarar da shi shiru, sai kaji da tsofaffi. In kaka ta yi gari ya kan cika. Hanyoyi sun bushe, kasuwanni sun batse, balle ta Ɗambatta ran Lahadi. 'Yan awo da dillalai su saya kwano-kwano su haɗa buhu, motoci su kwasa zuwa Dawanau, babbar kasuwar hatsin nan da ke bakin Kano a hanyar Katsina, daga can kuma kaya su watsu zuwa kudu da maƙwabtan ƙasashe. Maƙeri da tela da mahauci da wanzami da magini duk kakarsu ta zo, don in manomi ya samu kowa ya samu.

Da dare in farin wata ya fito dandali ya kan raya. 'Yammata su yi gaɗa, samari su yi langa da kokawa, ƙanana su kewaye tsohuwa ta yi musu tatsuniya. Lokacin kalankuwa ke nan, da dambe, wanda asalinsa wasan mahauta ne, su kan bi gari gari bayan girbi suna neman abokan karawa. Wasu daga cikin wasannin nan sun ja baya, don gidan kallon ƙwallo da wayar hannu sun ɗauke hankalin samari da yawa, amma ba su mutu ba.

Sai kuma babban al'amari, watau aure. Babu amsar da a ke yawan bayarwa a ƙauye kamar "sai kaka". Mai neman a sa masa rana, sai kaka. Mai son ta da ɗaki, sai kaka. To, ga ta ta zo: sadaki, lefe, kayan ɗaki, gara, abincin baƙi. Matar da aka kai wa gudummawa bara, bana ita za ta mayar, har da ɗan ƙari. Kada wani ya raina wannan ya ce almubazzaranci ne kawai. Zumunci ne, kuma shi ne asusun talaka, don wanda ya kai wa jama'a ran bikinsu shi a ke tarar wa ran da ya shiga uku. Sai dai a tuna, kowane ɗaya daga cikin abubuwan nan ta ƙofar rumbu ya ke fita.

Masu Jiran Kaka

Ba masu biki kaɗai ke jiran kaka ba. Na farko akwai haƙƙin Allah. Wanda amfaninsa ya kai nisabi, watau wusƙi 5, sa'i 300 ke nan, zai fitar da ɗaya cikin goma in ruwan sama ne ya shayar da shukar, ɗaya cikin ashirin in da wahalar ban ruwa aka raya ta. Manoma da yawa tun a gona su ke ware dami ɗaya cikin kowane goma. Jihar Kano ta kafa Hukumar Zakka da Hubusi a 2003, amma a ƙauye mafi yawan zakkar hatsi hannu da hannu ta ke tafiya, daga mai gona zuwa maraya da tsohuwa da nakasasshe na unguwarsa. Bayan zakka akwai ihsani: surukai, malamin allo, da 'yan'uwa na birni da a ke aika wa ɗan abin taɓawa.

Sa'an nan ga masu bin bashi. Wanda ya ba da takin zamani a Yuni, da wanda ya ranta hatsi a Agusta, da mai kantin da ya ba da magani sa'ad da zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da yara a ƙarshen damina, duk ran da dami ya shiga gida su ma sun sami labari. Mafi muni shi ne rancen da a kan ba mutum buhu ɗaya a lokacin yunwa a kan ya mayar da biyu in an yi girbi. Wannan kuɗin ruwa ne ko da ba kuɗi aka ƙirga ba, kuma wanda ya faɗa cikinsa bana da wuya bai sake faɗawa baɗi ba.

Dattawa suna tuna wani mai jiran kaka da ya fi waɗannan duka tsanani, watau haraji. A zamanin En'e bayan girbi a ke tara shi, dagaci da mai unguwa su bi gida gida, malami ya rubuta rasit. Da tsabar kuɗi a ke biya, sai talaka ya kai amfaninsa kasuwa daidai lokacin da ya fi araha. Gyaran mulkin ƙananan hukumomi na 1976 ya kawar da En'e, a 1979 kuma Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Jihar Kano. Haraji ya tafi, amma matsin bai tafi ba, sai dai ya sake suna. Har yanzu kowa ya kan kai kaya kasuwa a makonni guda, farashi ya faɗi a kan kowa.

Darasin Gyaɗa

Yana da kyau mu waiwaya mu ga yadda aka zo nan. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, a 1912 cinikin gyaɗa ya buɗe sosai. Daga nan har shekara 60 gyaɗa ce kuɗin manomin Kano. Da ita aka gina dalar buhunan nan da aka san birnin da su, da ita attajirai irin su Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, suka shahara. A ƙauye kuwa amfaninta shi ne ta tsaya tsakanin rumbu da masu jira: ita ke biyan haraji da sutura da aure, gero da dawa su zauna don ci. Mutanen da kuma ba su manta da yunwar 1914 ba su kan bar gero a zangarniyarsa shekara biyu ko uku ba su taɓa ba.

Farin 1972 zuwa 1974 ya karya wannan tsari, a 1975 kuma wata cuta ta faɗa wa gyaɗa ta nannaɗe ganyenta ta tsumburar da ita a duk faɗin arewa. Dalar gyaɗa ta ɓace, hukumomin sayen amfanin gona su ma aka rushe su a 1986. Nauyin neman kuɗi sai ya komo kan hatsin ci. Yau riɗi da wake da zoɓo su ke ƙoƙarin cike gurbin, tare da noman rani ga waɗanda ke kusa da madatsar ruwa ta Tomas, wadda aka gina a shekarun 1970. Darasin dai bai sake ba: a raba na ci da na sayarwa tun ran shuka, kada a bar buƙata ta raba su ran girbi.

Lissafin Rumbu

Bari mu buga misali. A ce gida mai baki goma yana cin kwano 2 na hatsi kullum. A shekara kwano 730 ke nan. In buhu kwano 40 ne, sai ka ga buhu 18 da 'yan kai gidan nan ya ke bukata, ban da iri, ban da baƙi, ban da suna ko rasuwa. In maigida ya sami buhu 22 sai ya ga kamar ya wadata. Ya fitar da zakka, ya biya ƙwadago da bashi, ya aurar da 'ya, kafin dawa ta gama bushewa sai ka tarar saura 12. Buhu 12 kwano 480 ne, abincin wata 8. In ya fara ci daga Nuwamba, a ƙarshen Yuni rumbu ya tashi, daidai lokacin da a ke bukatar ƙarfi don noman farko. A nan ne mutum ya kan bar gonarsa ciyawa ta ci, ya tafi ƙwadago a gonar wani don abin da za a ɗora da dare. Kakar baɗi ta ragu ke nan tun ba a kai ko'ina ba.

A mafi yawan shekaru abin da aka sayar da araha a Nuwamba da tsada a ke sayensa a Yuli. An ga haka ƙarara bayan cire tallafin man fetur a 2023, sa'ad da farashin abinci ya yi ta hawa har cikin 2024. A 2025 kuwa sai ya sauko, waɗanda suka tara hatsi don riba suka yi asara, manoman da suka sayi taki da tsada suka koka. Kasuwa ba ta da amana ga kowa. Mutum ɗaya ne bai yi asara ba a shekarun nan duka, shi ne wanda ya ajiye abin da iyalinsa za su ci.

Ajiyar ma tana da nata ilmi. Gero da dawa sun fi daɗewa a zangarniyarsu. Rumbu a share shi a fid da tsohon hatsi kafin a zuba sabo, a duba gindinsa sabo da gara da ɓera, a gyara jinka. Gyaɗa a tabbata ta bushe sarai, don mai laima ta kan yi fumfuna mai guba da ke cutar da hanta. Wake shi ne mai wuyar sha'ani, ƙwaro ya kan huda shi cikin 'yan watanni. Tun 2007 aka fara yaɗa wani buhu mai ninki uku wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙago tare da abokan aikinsu na Afirka: leda biyu masu kauri a ciki, buhu a waje, a ɗaure kowanne dabam. In iska ta ƙare a ciki ƙwarin sai su mutu ba tare da magani ba. Ya fi zuba wa wake maganin ƙwari nesa ba kusa ba, don irin wannan ɗabi'a ce ta sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya a 2015, kuma abin da bai dace da cikin Bature ba bai dace da cikin 'ya'yanmu ba. A kuma kiyayi wuta. Kara da harawa a jibge kusa da madafa, ga iskar hunturu, ai ba sai an faɗi sauran ba.

Da an gama ɗaurin dawa samari su kan kama hanyar cin rani, wasu Kano, wasu Abuja, wasu Legas. Wannan ma lissafin rumbu ne: baki ya ragu a gida, in Allah ya taimaka kuma a komo da kuɗin taki.

Abin Da Ya Shafi Malamai Da Ma'aikata

Malaman makaranta sun fi kowa sanin kaka, don a rajista su ke ganinta. Zangon farko ya kan buɗe a Satumba, daidai da girbin gero, kujeru su zauna wayam ran kasuwa da makon roron wake. Faɗa da bulala ba sa magance wannan, don uban yaro ba ƙin karatu ne ya sa shi ba, hannu ya ke bukata. Abin da ya fi shi ne hedimasta ya zauna da iyaye da mai unguwa tun farkon zango a yi yarjejeniya: safiya ta makaranta, yamma da Asabar da Lahadi na gona. Yarinyar da a ke shirin ɗora wa talla ko aurarwa a wannan kaka, a yi maganarta da iyayenta tun kafin a sa rana.

Malami kuma yana da wata hanya ta nuna wa iyaye amfanin makaranta. Maimakon lissafin lemo da alawa da ke cikin littafi, a ba yara lissafin gidansu: baki nawa, kwano nawa a rana, buhu nawa a shekara, nawa za a iya sayarwa ba a taɓa na ci ba. Ran da yaro ɗan aji biyar ya zauna ya buga wa ubansa wannan lissafi daidai, ba za a sake jayayya a gidan nan a kan zuwa makaranta ba.

Akawuna da sauran masu albashi su ma su kan sayi hatsin shekara a kaka, ba laifi ba ne. Laifi shi ne a matsa wa wanda buƙata ta kama, ko a saya da babban kwano a sayar da ƙarami, ko a ba da rance don a karɓi ninki. Malaman gona kuwa lokacin da maganarsu ta fi amfani shi ne kafin a zuba amfani a rumbu, a kasuwa da ƙofar masallaci, inda manomi ya ke.

Kaka baƙuwa ce mai alheri, amma ba ta daɗewa. A yi biki, a sada zumunci, a fitar da haƙƙin Allah da na maƙwabci, sai dai kafin a buɗe rumbu a ƙirga watannin da ke gaba. Allah ya sa albarka a abin da aka samu, ya nuna mana ta baɗi lafiya, amin.